Tudun da Na Baje a Gwanzu

Jirgi ya sauke ni a Guangzhou, wadda 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu, ina sanye da babbar riga da hula zanna, ina zufa kamar an tsamo ni daga rijiya. Duk waɗanda muka taho tare saro kaya suka zo yi, wannan takalma, wancan wayoyi. Ni kaɗai na zo koyon shuka ciyawa. Da na faɗa wa maƙwabcina a jirgi, sai da ya ƙare mini kallo sannan ya ce, "Baba, ta Kano ce ta ƙare?"

Bari in yi muku bayani, kada ku ma ku ɗauke ni taɓaɓɓe. Tun ina saurayi nake aiki a wani filin golf a Kano, wasan nan da gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Namu filin bai haɗa komai da lambu ba. Ɗan wurin da ramin yake, wanda a ƙasashe masu ruwa ake shuka wa ciyawa a kira shi girin, mu yashi muke cuɗawa da baƙin mai mu shimfiɗa. Aikina shi ne in ja buhu ɗaure a jikin sanda daga ƙwallon mutum zuwa bakin rami, in share masa hanya sumul kafin ya buga. Janar ya zo in share masa, malamin makaranta ya zo in share masa daidai yadda na yi wa janar. Iyakar abin da na sani game da adalci ke nan: a baje wa kowa ƙasa, wanda ya kuskure ya tuhumi hannunsa. Shi ya sa ake ce mini Sale Mai Buhu. Boko kuwa aji uku na yi, aka sallame ni saboda na ɗaure akuya a jikin keken hedimasta.

To, sai aka haƙa rijiyoyin burtsatse a filin, aka ce za a kwashe yashi a shuka ciyawa. 'Yan kwamiti suka ce a ɗauko kamfani ya yi, ni kuma a mai da ni maigadi tunda na tsufa. Shugabanmu, Alhaji Bala, shi ne ya ce a dakata. Yana da abokin kasuwanci a Gwanzu, shi kuma ya san wani tsoho gwanin tsara fili. Alhaji ya ce mini, "Malam Sale, za ka je ka zauna da shi 'yan watanni. In ya ce ka iya, girin naka ne. In ya ce a'a, ga kujerar bakin ƙofa." Ni da na ƙare rayuwata a tsakiyar fili, in koma ɗaga wa motoci ƙarfe ina sara wa yaran da na koya wa riƙe sanda? Na ce ko bayan duniya ne zan je.

Wanda aka haɗa ni da shi ya tarbe ni, wani Kabiru ne, ejan, mai zaƙin baki da gilashi a goshi. "Sannu Baba, sannu Baba," har da karɓar mini jaka. Ya kai ni wani masauki a unguwar Sanyuanli, ɗaki kamar akwatin gawa mai taga, ya ce in huta, gobe da safe zai zo ya kai ni fili. Jakar da ke da kilishina da garin kunu da kuka da daddawa kuwa, ya ce bari ya ajiye mini a wurinsa, wai masu masaukin ba sa son wari. Har yau ban sake ganin Kabiru ba. Ina fata dai miyar ta yi masa daɗi.

Da gari ya waye matar da ke kula da masaukin ta buga ƙofa. Ashe kwana ɗaya Kabiru ya biya. Na yi mata Hausa, na yi mata ɗan Turancin da na tsinta a bakin 'yan wasa, na nuna mata hoton Kabiru a waya. Ta kaɗa hannu ta ce, "Meyo, meyo." Kalmar Sinanci ta farko da na koya ke nan, ma'anarta babu, kuma ta dace da halin da nake ciki ta kowace fuska. Wayata ba ta kira, layin gida ne a ciki. Na ɗauki ƙaramar jakata na fita, na ga wasu baƙaƙen fata sun shiga jirgin ƙasan nan na ƙarƙashin ƙasa, na bi su kamar rago, inda suka sauka na sauka. Haka na tsinci kaina a wani titi da ake kira Huanshi Lu, zaune a kan dakalin wani shago, motoci na wucewa sama da ƙasa, ga gada a kan gada, ga gumi na bi mini ta baya. Wata mata mai ɗankwali da ke sayar da taliya ta fito ta dube ni, ta yi mini sallama irin tamu, ta koma ta kawo mini shayi da kwanon taliya mai romo. Na lalubi aljihu, ta ture hannuna. Na ci, hawaye na ɗiga a cikin romon, ina ce wa kaina yaji ne.

Ina nan sai na ji an ce, "Kai tsoho, mi ya same ka? Wannan hula ai ta Kanawa ce. An cuce ka ko kai ka zo cuta?"

Wani dogo ne da ƙullin samfurin riguna a kafaɗa, daga kasuwar Baima yake. Sunansa Isufu, a Maraɗi yake kasuwanci, amma asalinsa Badamagare ne, ka ga kuwa abokin wasana. Na ce masa, "Yau dai Allah ya kawo bawana a kan kari. Ɗauki jakar nan." Ya yi dariya har ya ajiye kayansa. Ya daɗe yana zuwa ƙasar, Sinanci a bakinsa kamar ruwa. Shi ya sa mini layi a waya, ya kira Alhaji Bala, ya samo kwatancen filin, ya kwana da ni a ɗakinsa, washegari ya bar cinikinsa ya raka ni. A hanya yana ta ce mini, "In ka koma ka hwaɗa ma Kanawa, Badamagare ya tsince ka bisa titi."

Filin yana can bayan gari, inda benaye suka ƙare aka shiga duwatsu da gonakin ayaba. Da na ga koren wurin sai da na cire hula. Tsohon da aka turo ni wurinsa gajere ne, baƙi kamar manomi, da malafa da takalmin roba. Ma'aikata suna ce masa Lawban Wu, wato maigida Wu. Ya dubi babbar rigata, ya kama hannuna ya juya ya duba tafin, ya ga kanta, ya gyaɗa kai. Aka ba ni gado a ɗakin ma'aikata. Isufu ya ce zai riƙa leƙo ni, in magana ta yi tsauri kuma in kira shi a waya ya fassara.

Kwanakin farko baro kawai nake turawa. A gefen filin akwai wani sabon girin na koyo da ake ginawa, an zuba yashi an daddaɓe, ba a kai ga sa ciyawa ba. Kullum in na wuce sai raina ya ɓaci. Nan tudu, can kwari, gefe guda ya karkace kamar bakin mai shanyewar jiki. Na ce a raina, ashe su ma suna da malalata. Mutanen da suka iya ɗora gada a kan gada, a ce sun kasa baje yashi?

Su kuma suna da wata al'ada: da sun ci abincin rana, kowa sai ya nemi inuwa ya kwanta, fili ya yi tsit kamar an yi shara. Ran nan Lawban Wu ya shiga gari. Na ce yau zan nuna musu wanda aka aiko musu daga Kano. Na yi azahar, na cire riga, na ɗauki shebur da manjagara da wani dogon katako. Na sassare tudun na cike kwarin, na ja katako gaba da baya, na bi da buhu. Kafin su farka na mai da wurin kamar faranti. Wallahi ko a gida ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Na tsaya a gefe na harɗe hannu ina jiran yabo.

Wanda ya fara farkawa ya zo ya gani, ya ɗora hannu biyu a ka. Na ɗauka mamaki ne, na ce masa, "Ba komai, ba komai." Sauran suka taru. Can sai ga Lawban Wu. Ya tsaya a bakin wurin ya daɗe, sannan ya cire malafa ya zauna a ƙasa dirshan. Na kira Isufu na miƙa wa tsohon wayar. Suka yi magana, aka miƙo mini.

"Baba, mi ka aikata?"

"Gyara na yi musu."

"Gyara? Makonni ya yi yana sassaƙa tudun nan da hannunshi! Kowane karkace da ka gani shi ya sa shi da gangan. Ka tashi daga Kano takanas ka zo ka rushe ma mutum aiki. Ya ce a tambaye ka, don mi?"

Na ce, "Gaya masa don adalci. Ta yaya za a sa wa mutum tudu tsakaninsa da rami? Ai zalunci ne."

Da aka fassara masa, sai Lawban Wu ya nuna sama. Hadari ne ya haɗo, irin nasu da ba ya sallama. Muka fake a rumfa aka sheƙa ruwa. Da aka ɗauke, duk girin da ke filin ya tsane, ruwa ya bi kwari ya fice. Nawa kuwa ya zama tafki, har da kwaɗo a ciki. Na shiga ɗaki na fara naɗe kayana, ina hango kujerar bakin ƙofa da idona.

Da yamma Isufu ya zo da kansa, ya shiga wurin tsohon suka daɗe. Ban san abin da ya faɗa masa ba, ya dai fito yana share gumi ya ce, "Ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya baje yashi da katako ya yi lebur haka ba, hannunka na da kyau, kanka ne babu kome ciki. Ya ce kai ka rushe, kai za ka gina. In ya yi kyau ya gaya ma Alhajinka ka iya. In bai yi ba, ka tahi gida."

Washegari da sassafe Lawban Wu ya sa na cire takalmi. Ya cika mini aljihu da ƙwallaye muka shiga fili. A kowane girin sai mu taka shi da ƙafa tukuna, ya nuna mini in ji inda ƙasa ta hau da inda ta gangara. Ƙasar tauri gare ta kamar daɓen ɗaki, ciyawar kuma an aske ta ƙwal. Sai ya koma can nesa ya gara ƙwallo da hannu. In ya garo ta dama, sai ta hau kafaɗar tudu ta lanƙwaso a hankali ta zo ta kwanta kusa da tutar da ke nuna rami. In ya garo ta hagu da ƙarfi iri ɗaya, sai tudun nan dai ya ture ta can gefe. Ya dube ni ya ɗaga gira. Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki, ba Hausa ba Sinanci, sai ƙwallo.

Ranar da Isufu ya leƙo, na ce ya tambaye shi me ya sa ba ya jiƙa ƙasar ta yi laushi, ƙwallo ta riƙa tsayawa inda ta faɗi, mutane su huta. Tsohon ya ce in ƙasa ta yi laushi, wanda ya yi tunani da wanda bai yi ba duk ɗaya suke, kowa ya cilla ta manne. In ta yi tauri kuwa, ƙwallo za ta gudu bayan ta sauka, dole tun daga nesa mutum ya tambayi kansa ta ina zai shigo. Ya ce shimfiɗaɗɗen wuri irin nawa ba ya tambayar kowa komai, mai ƙarfi ne kullum zai ci. Na ce, "To ai tudu ma cuta ne." Ya ce cuta ita ce abin da aka ɓoye. In mutum ya ga tudu da idonsa, ya ga hanya mai sauƙi da mai haɗari, ya zaɓa da kansa, wa ya cuce shi?

Maganar ta shige ni, amma ta ƙofar da ba ta dace ba. Ni dai abin da na ji shi ne an halatta mugunta. Ku tuna ni ne mai akuyar hedimasta. Duk shekarun nan ina share wa masu kuɗi hanya suna yi mini tsawa, ashe akwai aikin da ake biyan mutum ya wahalar da su! Na koma kan yashina da murna. Na tara shi a tsakiya kamar an kife ƙwarya, na zazzage gefuna, na haƙa ramin yashi, tarkon ƙwallo, a gaba mai zurfin da sai an ba mutum hannu zai fito. Ina yi ina dariya ni kaɗai, ina hango wani ɗan kwamitinmu mai tumbi a ciki. Na daɓe shi da kyau na kira Lawban Wu.

Ya zagaya sau ɗaya. Ya miƙo mini bokitin ƙwallaye, ya nuna mini in tsayar da guda ɗaya a sama. Na gara ta gaba, ta dawo ƙafata. Na gara da ƙarfi, ta haura ta faɗa baya. Na bi ta dama, na bi ta hagu, na durƙusa na lallaɓa ta kamar mai ba jariri magani. Ma'aikata suka taru suna ƙirga mini da Sinanci suna tafi. Bokiti ya ƙare ba ko ɗaya a sama. Aka kira Isufu a waya.

"Ya ce wa ka gina ma wannan?"

"'Yan wasa mana."

"Ya ce ƙarya kake, maƙiyanka ka gina ma. Ya ce na hwarko ka hana mutum tunani, na biyu ka hana shi amfanin tunanin. Wanda ya buga da kyau da wanda ya buga banza duk rami guda za su tahi. Baba, ni dai ina ganin a bar ka da baro."

"Rufe mini baki, bawan banza."

Na yi dariya a waya, amma da na ajiye ta sai na zauna ina lissafi. Lokacin da aka ɗibar mini ya fi rabi. Ƙurajen zafi sun feso mini a wuya da baya, tufafi ba sa bushewa, komai warin danshi. Abincin ma'aikata ba na iya ci sai farar shinkafa da ƙwai da ganye, don ban san abin da aka yanka ba, har wandona ya fara zamewa. Mai dafa musu abinci ya lura, ya saya mini sabuwar tukunya ya rubuta wani abu a jiki, ya hana kowa taɓawa. Matata Hajjo tana aiko mini da murya a waya, tana ba ni labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, a ƙarshe ta ce, "Malam, in abin ya gagara ka dawo, gadi ma ai aiki ne." Na san don tausayi take faɗa, amma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai na daina taɓa yashi na koma kallon mutane. Ina zama a gindin bishiya kusa da wani girin ina duba masu wasa. Akwai wata tsohuwa, Madam Lin, da ke zuwa kusan kullum da lema. Ƙwallonta ba ta tashi sama, tana buga ta ne tana gangarawa kamar ɓera. Akwai kuma kocin filin, wani ƙato da ke cilla ƙwallo sama ta sauko kamar an jefo ta daga bene. Na lura a kowane girin na Lawban Wu akwai ƙofar da ya bar wa tsohuwar nan a buɗe, ba ramin yashi ba komai, sai dai hanyar ta fi nisa, kuma da wuya ta kai ta gindin tuta a bugu ɗaya. Kocin kuma an bar masa gajeriyar hanya ta saman ramin yashi, amma wurin saukar ɗan kaɗan ne. In ya dace ya ci riba, in ya zarce ƙasa ta tafi da shi. Kowa da ƙofarsa, kuma kowace ƙofa da kuɗin shigarta. Ranar da na gane wannan na tashi tsaye na ce, "Kai!" da ƙarfi, har Madam Lin ta kuskure bugu ta yi mini masifa.

Na rushe ƙwaryata na sake sabo. Na buɗe ƙofa ta dama, na ɗaga kafaɗa a bayansa yadda za ta karɓi ƙwallo mai gangarowa ta miƙa ta tsakiya. Na cike rabin ramin yashin na matsar da shi hagu, inda kowa zai gan shi tun daga nesa. A baya na yi ɗan kwari mara zurfi, wanda ya zarce ya sha wahalar dawowa amma kada ya yi kuka. Kullum da bokitina, in gara in kankare, in gara in ƙara. In an yi ruwa in fita a cikinsa in ga inda yake bi. Lawban Wu yana wucewa ba ya ko kallona. Da na ce na gama, ya taka shi da ƙafa, ya sa aka kawo ciyawa a nannaɗe kamar darduma aka shimfiɗa. Muka yi ta bin ta da yashi da rola da aski har ta kama ta yi tauri. Bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba.

Ana saura kwanaki kaɗan in tafi ya ce za a gwada. Isufu ya rufe harkarsa ya zo, wai kada a kore ni ba shaida. Lawban Wu ya kafa tuta a tsakiya ta ɓangaren hagu, ya kira Madam Lin da koci ya tsayar da su wuri guda.

Tsohuwa ta fara. Ta leƙa, ta karkata kai, ta juya jikinta dama ta buga ɓeranta. Ƙwallo ta shiga ta ƙofar, ta hau kafaɗa, ta yi kamar za ta tsaya, sai ta lanƙwaso ta gangaro tsakiya ta kwanta. Ba kusa sosai ba, amma tana kai. Koci ya yi murmushi ya cilla tasa ta saman ramin yashi. Ta sauka bayan tuta kaɗan, ta yi tsalle, ta gudu, ta zame cikin kwarina. Ya faɗi wata kalma da Isufu ya ƙi fassara mini. Ya sake ajiye wata, ya daɗe yana kallo, ya buga. Wannan ta sauka daidai bayan ramin yashi, ta gara ta tsaya dab da tuta.

Lawban Wu ya tambayi kocin wani abu, ya amsa yana sosa ƙeya. Na damƙi hannun Isufu. "Me ya ce?"

"Ya tambaye shi ko an cuce shi a ta hwarko. Ya ce a'a, ya ga kwarin, shi ne ya yi zari."

Madam Lin kuwa ta je ta buga tata zuwa rami, ta kauce da kamar faɗin tafin hannu. Ta juyo ta nuna ni da sanda tana faɗa. Isufu ya ce, "Ta ce kai mugun tsoho ne, kuma gobe za ta dawo ta rama."

Lawban Wu ya ja ni gefen hagu, ya dangwala ƙafa a wani wuri, ya nuna mini da hannu cewa ruwa zai kwanta a nan. Na duba, gaskiyarsa ne, na bar ɗan lotsawa. Sai ya ce a kira Alhaji Bala. Isufu ya kira ya sa a sifika, tsohon yana faɗa yana fassarawa.

"Alhaji, ya ce mutuminka ya rushe mishi aiki, ya cinye mishi yashi, ya sa ma'aikata sun yi kwana biyu suna dariya ba su yi aiki ba. Ya ce har yanzu akwai inda bai iya ba." Ɗan banzan ya tsaya ya yi tari, ya gyara hula, yana kallona ta wutsiyar ido.

Alhaji ya ce, "To, a taƙaice dai?"

"A taƙaice ya ce ka ba shi filin. Ya ce kamfani za su yi maka mai kyan kallo, wannan kuwa zai yi maka wanda mutane za su zage shi su dawo gobe."

Na ji Alhaji yana dariya daga Kano yana cewa, "Malam Sale, ka ji? Sai ka dawo, aiki na jiranka." Na juya baya ina gyara tutar da ba abin da ya same ta.

Washegari da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, Lawban Wu ya zo ya miƙo mini ƙarfen da ake yanka sabon rami da shi duk ranar da za a sauya masa wuri. A filin nan ba mai taɓa ƙarfen nan sai shi, domin wanda ya zaɓi inda rami zai zauna shi ya zaɓi irin ranar da 'yan wasa za su yi. Ya nuna mini girin ɗina, ya juya ya tafi abinsa, ko waiwaye bai yi ba.

Na hau ni kaɗai, ba takalmi. Ƙafata da kanta ta kai ni can ƙwanƙolin kafaɗar nan, inda na san in na sa rami, ko kocin sai ya yi kuka. Na kafa ƙarfen a wurin. Na daɗe a tsaye ina jin daɗin abin a raina. Can na hango lemar Madam Lin tana tahowa daga nesa, tana tafe tana gwada bugu da hannu.

Na zare ƙarfen na matsa ƙasa. Amma ba sosai ba.